Da wane harshe kurma yake tunani?

Tambaya: "Assalamu alaikum, Malam. Ina da 'ya mai shekara huɗu, tun da aka haife ta ba ta ji, ba ta kuma magana, kuma likita ya tabbatar mana cewa kurma ce. Abin da ke damuna shi ne, ni idan ina tunani Hausa nake ji a cikin raina, ita kuwa ba ta taɓa jin ko kalma ɗaya ba. To da me take tunani? Wani dattijo a unguwarmu ya ce irinsu hankalinsu ba ya cika, wata 'yar'uwarmu kuma ta ce kada mu riƙa yi mata maganar hannu don kada ta saba ta ƙi buɗe baki. Don Allah a warware mini." Daga wani mahaifi a Gombe.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya raya maka ita, ya yi mata albarka. Ni malamin yara kurame ne a nan Bauchi, kuma tambayarka tana cikin waɗanda iyaye suka fi yi mini, ko da yake yawancinsu sai hira ta yi nisa suke iya furta ta. Idan na fahimce ka da kyau, abubuwa uku ka haɗa: ko mutum yana iya tunani ba tare da kalmomi ba, da abin da ke gudana a zuciyar wanda bai taɓa jin magana ba, da kuma ko maganar hannu za ta amfani 'yarka ko za ta cutar da ita. Amsata a dunƙule ita ce 'yarka tana tunani tun yanzu, kuma rashin ji bai taɓa hankalinta ba. Abin da zai iya yi mata illa shi ne ta daɗe ba ta da wani harshe da take fahimta sosai, na baki ne ko na hannu.

Ba duk tunani ne kalmomi ba

Bari in fara da kai kanka, Malam. Hausar da kake ji a ranka ita ce zancen zuci, kuma gaskiya ne yawancinmu muna yin sa, amma ba shi ne dukkan tunaninka ba. Lokacin da kake kan babur a cikin cunkoson kasuwa kana auna ko za ka iya bi tsakanin mai kura da mota, ba jimla kake ginawa ba, kuma da za ka tsaya ka gina ta da an buge ka. Haka tela yake kallon yadi ya san ko zai isa riga da wando kafin ya ɗauko awo, haka kuma kake gane fuskar wanda kuka rabu shekara ashirin tun kafin sunansa ya zo maka.

Masana sun gwada auna wannan. Russell Hurlburt na Jami'ar Nevada a Amurka ya riƙa bai wa mutane wata 'yar na'ura da ke ƙara a lokutan da ba su zata ba, su kuma su rubuta abin da ke ransu a daidai wannan lokaci. A binciken da shi da abokin aikinsa suka wallafa a 2008, zancen zuci ya bayyana ne a kusan kashi ɗaya cikin huɗu na lokutan, kuma akwai mutanen da bai bayyana gare su ko sau ɗaya ba. Hujjar da ta fi wannan ƙarfi ta fito ne daga masu shanyewar ɓarin jiki. A 2005 Rosemary Varley da abokan aikinta a Ingila sun ba da bayanin mutum uku da ciwon ya lalata musu sashen harshe na ƙwaƙwalwa, har ba sa iya bambance "zaki ya kashe mutum" da "mutum ya kashe zaki", amma suna warware lissafi mai sarƙaƙiya idan an rubuta shi da alƙaluma. Da a ce tunani da harshe abu ɗaya ne, da ba za a rasa ɗaya a tsira da ɗayan ba.

Idan ka lura da 'yarka za ka ga haka da idonka. Ta san wanda zai lallashe ta idan ta yi kuka da wanda ba zai kula ba, ta san inda aka ɓoye sukari, kuma idan mahaifiyarta ta ɗauki mayafi ta san fita za a yi, sai ta nemo takalminta. Wannan tunawa ce, da hasashe, da shiri, kuma su ne ginshiƙan tunani. Sai dai kada wannan ya sa a ce harshe ba shi da aiki a cikin tunani. Yana da aiki babba, kuma a nan ne maganar take.

Maganar hannu cikakken harshe ne

Mutane da yawa suna ɗaukan maganar hannu a matsayin nune-nune da kwaikwayo, irin wanda mutum zai yi idan ya haɗu da baƙon da ba ya jin Hausa a tasha. Masana harshe ma haka suka ɗauke ta shekaru masu yawa, sai a 1960 da William Stokoe, malami a kwalejin kurame ta Gallaudet da ke Washinton, ya nuna cewa kowace alama ta maganar hannun Amurka an gina ta ne daga ƙananan sassa: siffar da hannu ya ɗauka, da wurin da aka yi alamar, da motsin da hannun ya yi. Idan aka sauya ɗaya daga cikinsu ma'ana ta sauya, kamar yadda wasali ɗaya ke raba gora da goro. Fuska ma tana da aikin nahawu, domin a harsunan hannu da dama ɗaga gira shi ne ke mayar da jimla tambaya. Kuma ba harshe ɗaya ba ne a duniya: kurman Amurka da na Ingila ba sa fahimtar juna kai tsaye, duk da cewa masu ji na ƙasashen biyu Turanci suke yi.

Ita ma ƙwaƙwalwa a matsayin harshe take karɓar ta. Ursula Bellugi da Edward Klima da Howard Poizner sun bi kurame masu maganar hannu da suka samu shanyewar ɓarin jiki, suka wallafa sakamakon a 1987. Waɗanda ciwon ya taɓa ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwarsu, inda sashen harshe yake ga yawancin masu ji, maganar hannunsu ce ta rikice, wasu suka kasa haɗa jimla, wasu suka riƙa yin alamomi barkatai ba ma'ana. Waɗanda kuwa ya taɓa ɓangaren damansu sun sami matsala wajen zane da gane tsarin wuri, amma nahawun maganarsu bai rushe ba. Kunne ƙofa ce kawai ta shiga gidan, idan ta rufe harshe yana iya shiga ta ido ya zauna a ɗakin da aka tanadar masa. A 1991 Laura-Ann Petitto da Paula Marentette a Kanada sun nuna cewa jariran kurame da ke tasowa a hannun iyaye masu maganar hannu suna gwaranci da hannuwansu, suna maimaita guntun motsi marar ma'ana, a daidai watannin da jarirai masu ji ke yin "ba-ba-ba" da baki.

Mu a nan Arewa ba baƙi ba ne a wannan fage. Kuramen ƙasar Hausa suna da tasu maganar hannu da suka gada daga juna a kasuwanni da majalisu, ba daga makaranta ba, kuma wata masaniya Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna da su a Kano ta rubuta littafi a kan tsarinta wanda ya fito a 2000. Ita kuwa wadda ake koyarwa a makarantu asalinta daga Amurka ne, ta hannun Andrew Foster, wani kurma Baƙar fatar Amurka da ya buɗe makarantar kurame a Gana a 1957, ya buɗe wata a Ibadan a 1960, ya ci gaba har makarantunsa suka haura 30 a Afirka kafin rasuwarsa a haɗarin jirgin sama a 1987. Malaman fiƙihu kuwa sun riga masana harshe da ƙarnoni. Suna da ƙa'ida cewa isharar da aka san wanda ba ya magana da ita daidai take da furucin harshe, shi ya sa cinikinsa da aurensa da sakinsa suke tabbata da ita, kuma Imam Bukhari ya ƙulla babi a kan ishara a cikin littafin saki na Sahihinsa. Ba a ɗora wa marar hankali hukuncin aure da ciniki, don haka wannan ƙa'ida kaɗai ta isa a nuna wa dattijon unguwarku.

Zancen zuci da hannu

Wanda ya tashi da maganar hannu da ita yake zancen zuci. Idan na tambayi manyan ɗalibaina, yawancinsu ba sa cewa suna kallon hannuwa kamar a talabijin, sun fi cewa suna jin motsin a jikinsu, kamar hannun yana shirin ɗagawa amma bai ɗaga ba. Wani lokaci ma yana ɗagawa. A ɗakin jarrabawa na sha tsayawa bayan wata ɗaliba da tambaya ta tsaya mata, biro a hannun hagu, hannun dama a kan cinya ƙarƙashin tebur, yatsunta suna tsara harufan kalmar ɗaya bayan ɗaya. Ta kai tsakiya ta girgiza kai, ta goge iska da tafin hannu, ta sake daga farko, sannan ta rubuta. Abin da mai ji ke yi ke nan idan yana motsa leɓɓa shi kaɗai yana neman kalma.

Bincike ya gaskata abin da kuramen ke faɗa. Idan aka karanta wa mai ji jerin kalmomi aka ce ya maimaita, kurakuransa suna bin sauti ne, zai iya sa wuƙa a wurin wuta domin sun yi kama a kunne. Bellugi da abokan aikinta sun gano a 1975 cewa kurakuran kurame suna bin siffar alama ne, suna musanya alamomi biyu da hannu ke yi kusan iri ɗaya ko da ma'anarsu ba ta da wata dangantaka, wanda ke nuna cewa da alamomin suke riƙe abin a ransu. A 1997 kuma wasu masana a Landan sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar kurame yayin da suke tsara jimloli a zuci, sai suka ga sashen gaba na ɓangaren hagu ne ke aiki, wanda shi ne ke aiki ga mai ji idan yana zancen zuci. Suɓutar baki ma tana da takwara, domin mai maganar hannu yakan yi suɓutar hannu ya ɗora motsin wata alama a kan wata.

Sai dai kurame ba iri ɗaya ba ne, kuma amsar tana sauyawa gwargwadon tarihin mutum. Akwai waɗanda suka kurumce bayan sun iya magana. Annobar sanƙarau ta 1996, wadda ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, akasarinsu a Arewa, ta bar irinsu da yawa, kuma har yau zazzaɓin Lassa, wanda jiharmu ta Bauchi ke fama da shi kusan kowane rani, yana taɓa jin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka warke daga gare shi. Irin waɗannan suna ci gaba da jin Hausa a ransu, wasu har da muryoyin iyayensu. Akwai waɗanda aka rene su da karatun leɓe, su kuma sukan ce suna jin motsin baki ne ko suna ganin leɓɓa ko rubutu. Da yawa daga cikin waɗanda na sani gauraye suke yi: maganar hannun unguwa idan suna tunanin gida, ta makaranta idan suna tunanin darasi, rubutun Turanci idan suna tsara saƙon waya. Ya kamata a tuna cewa babu mai leƙa zuciyar wani, abin da mutane suka faɗa game da kansu muke haɗawa da gwaji, kuma yawancin gwaje-gwajen a Amurka da Turai aka yi su.

Inda matsalar take

'Yarka ba ta cikin ko ɗaya daga waɗannan rukunoni tukuna, kuma shi ya sa na fi son mu daɗe a nan. Ƙididdigar Amurka ta nuna cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na yara kurame iyayensu masu ji ne, kuma abin da nake gani a ajina bai saɓa wa wannan ba. Yaro mai ji yana tsintar harshe ba tare da kowa ya zaunar da shi ba, daga hirar tsakar gida da faɗan maƙwabta da rediyo. Yaro kurma a gidan masu ji yana zaune cikin wannan hira duka amma babu abin da ke isa gare shi. Abin da yakan yi shi ne ya ƙirƙiro alamomin kansa, na ci da sha da barci da "zo" da "tafi", iyalin gida su koya daga gare shi. Susan Goldin-Meadow ta Jami'ar Chicago ta shafe shekaru tun daga shekarun 1970 tana nazarin irin waɗannan alamomi, ta gano cewa yaran suna jera su bisa tsari tsayayye wanda ba su koya daga iyayensu ba. Wannan babbar shaida ce ta kaifin ƙwaƙwalwarsu. Amma alamomin gida suna da iyaka, domin sun fi ƙarfi a kan abin da ke gaban ido, kuma babu mai mayar wa yaron da magana mai zurfi da su.

Akwai nau'o'in tunani da suka fi jingina da harshe, kuma biyu daga cikinsu an bincike su sosai. Na farko shi ne ƙidaya. A 2011 Elizabet Spaepen da abokan aikinta sun gwada wasu manya kurame a ƙasar Nikaraguwa waɗanda ba su taɓa koyon wani harshe ba sai alamomin gida. Mutane ne masu sana'a da ke mu'amala da kuɗi, amma idan adadi ya wuce uku sai amsarsu ta zama kusa-kusa, a nuna musu abu bakwai su ɗaga yatsa shida ko takwas. Masu ji da ba su yi makaranta ba ba su sami wannan matsala ba, haka ma kurame masu cikakkiyar maganar hannu, don haka ba rashin ji ba ne kuma ba rashin boko ba ne, rashin jerin "ɗaya, biyu, uku" ne da za a rataya adadi a kai.

Na biyu shi ne gane cewa abin da ke zuciyar wani yana iya saɓa wa gaskiya. Ana gwada shi da ɗan labari: yarinya ta sa alewa a kwano ta rufe ta fita, ƙanenta ya ɗauke ya mayar cikin ƙwarya, to idan ta dawo ina za ta fara dubawa? Yaro ɗan shekara uku yakan ce ƙwarya, domin shi ya san alewar tana can, amma daga shekara huɗu zuwa biyar yakan ce kwano, domin ya gane cewa ita ba ta sani ba. Yara kurame 'ya'yan kurame masu maganar hannu suna cin wannan gwaji a shekarun da masu ji ke cin sa, su kuwa kurame 'ya'yan masu ji da suka makara wajen samun harshe sukan yi jinkiri na shekaru. A Nikaraguwa an ga abin da ya fi wannan. A 1977 aka buɗe makarantar kurame a Managuwa, malamai suna ƙoƙarin koya musu Sifaniyanci da karatun leɓe ba tare da nasarar kirki ba, yaran kuwa a filin wasa da motar makaranta suka haɗa alamomin gidajensu har sabon harshe ya tashi, ƙananan da suka zo daga baya suka ƙara masa nahawu. Jennie Pyers da Ann Senghas sun ba da rahoto a 2009 cewa 'yan sahun farko, waɗanda maganarsu ba ta da alamomi da yawa na "sani" da "zato", sun riƙa faɗuwa irin wannan gwaji duk da sun girma. Bayan shekara biyu, da suka koyi alamomin daga ƙannensu a ƙungiyar kurame, sai sakamakonsu ya gyaru.

Na ga wannan a kusa. An taɓa kawo mana wani yaro daga wani ƙauye ta wajen Ningi, ya kusa balaga, bai taɓa haɗuwa da wani kurma ba. Baffansa ya ce tun yana ƙarami yake kiwo kuma saniya ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba, domin ya san kowace da kamanninta da halinta. A makonnin farko ya kwance kwaɗon ƙofar aji da ya ƙi buɗuwa ya gyara shi. Amma idan na jera duwatsu takwas na rufe na ce ya jera irinsu, sai ya jera bakwai ko tara, kuma bai ga wani aibu a ciki ba. Bayan ya iya maganar hannu na tambaye shi yadda yake tunani a da, sai ya ce yana tuna wurare da fuskoki da tsoro, amma abubuwa faruwa kawai suke yi ba tare da dalili ba. Misalin da ya ba ni shi ne rasuwar mahaifiyarsa: ya ga mutane sun taru, an fita da wani abu a makara, daga nan bai sake ganinta ba, kuma ya daɗe yana zaton tafiya ta yi ta bar shi, domin babu wanda ke da hanyar da zai gaya masa.

Yaron ya koya, kuma yanzu yana da sana'a, amma jimlolinsa masu tsawo da karatunsa ba su kai na waɗanda suka zo da ƙuruciya ba. Wannan ya yi daidai da abin da wata masaniya, Rachel Mayberry, ta shafe shekaru tana nunawa: wanda bai sami harshen farko ba sai da ya girma yakan ci gaba da fama da nahawu ko bayan shekara ashirin yana maganar hannu, alhali wanda ya sami kowane irin harshe da wuri, na baki ko na hannu, yana koyon na biyu da sauƙi. Ina jin daga irin waɗannan mutane dattijon unguwarku ya ɗauko ra'ayinsa. Ya ga kurame masu saurin fushi, ko waɗanda ba sa gane dalilin abin da mutane ke yi, sai ya ɗora laifin a kan kunne, alhali abin da ya gani sakamakon shekarun da aka bar su ba mai yi musu bayanin komai ne.

Shawarar hana maganar hannu

Shawarar 'yar'uwarku ta kyakkyawar niyya ce, kuma an taɓa gwada ta a ƙasashe da yawa. A taron malaman kurame da aka yi a Milan ta Italiya a 1880, wanda kusan duk mahalartansa masu ji ne, an yanke cewa a koyar da kurame da baki zalla, aka kori maganar hannu daga ajujuwa kusan shekara ɗari. Da Reuben Conrad ya auna ɗaliban da ke kammala makarantun kurame a Ingila da Wales, ya wallafa a 1979 cewa matsakaicinsu, ɗan shekara 15 zuwa 16, karatunsa na ɗan shekara tara ne, kuma da yawa ba a fahimtar maganar bakin da aka ɓata shekarunsu a kanta. A 2010, a birnin Vancouver na Kanada, taron ya fito fili ya yi watsi da matsayar Milan ya kuma nuna nadama.

Karatun leɓe yana da amfani amma ba zai zama harshen farko ba, kuma a Hausa ya fi wuya. Ka tsaya gaban madubi ka ce baba, ka ce mama, ba tare da murya ba, za ka ga leɓɓanka abu ɗaya suka yi. Harufan k da ƙ da g a can cikin baki ake yin su, karin sautin da ke raba kalmomi da yawa na Hausa kuwa ba a ganin sa ko kaɗan. Wanda ya riga ya san Hausa yana iya cike giɓin da hasashe, amma yarinyar da ba ta san kalmar ba ba ta da abin da za ta yi hasashe da shi.

Wannan ba ya nufin a yi watsi da kunne. Ni ba likita ba ne kuma ban ga 'yarka ba, don haka ka koma sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, a auna ainihin abin da ya rage na jinta, domin yara da yawa da ake kira kurame suna da sauran ji da na'urar ƙara ji za ta iya amfana da shi. Akwai kuma na'urar da ake dasawa a cikin kunne ta hanyar tiyata, wadda tsadarta ta fi ƙarfin yawancin iyalai, kuma amfaninta yana raguwa idan yaro ya girma bai taɓa ji ba. Masana suna da saɓani a kan yawan maganar hannun da ta dace da yaron da aka dasa wa ita, amma wannan muhawara ce ta yaran da suka sami na'urar tun suna jarirai tare da masu horar da magana. Ga yarinya mai shekara huɗu da ba ta da harshe ko ɗaya, jiran baki ya buɗe caca ce da shekarun da ba za su dawo ba.

Abin da nake ba ka shawara shi ne ka nemi manyan kurame a cikin makon nan, ta reshen jiha na Ƙungiyar Kurame ta Ƙasa ko ta makarantar ilimi na musamman ta gwamnati, ka roƙi wata mace daga cikinsu ta riƙa zuwa gidanku ko ku riƙa kai mata yarinyar. Kada zaɓi tsakanin maganar hannun unguwa da ta makaranta ya tsayar da ku, ku fara da wadda kuka samu, yara suna haɗa biyun ba wahala, ko da yake ta makaranta ce za ta buƙata wajen karatu. Kuma kada a bar koyon ga mahaifiyarta kaɗai. Kai da yayyenta da duk wanda ke cin abinci tare da ita ku koya, ko da hannuwanku za su yi nauyi da farko. Ku kula da ƙananan abubuwa: a taɓa kafaɗarta ta juyo kafin a fara, a durƙusa daidai fuskarta, haske ya kasance a fuskar mai magana, kuma idan dare ya yi ba wuta a haska fuska da hannu da tocila. Da zarar kun wuce sunayen abubuwa, ku matsa zuwa jiya da gobe, da "don me", da "na yi zaton", da "bai sani ba", ku ƙirga cokula da awaki tare da ita a kan yatsu. Idan aka yi dariya a tsakar gida ta juyo tana kallon fuskokinku, wani ya tsaya ya gaya mata abin da aka faɗa da wanda ya faɗa, haka kuma idan za a yi tafiya ko biki ko wani ya kwanta rashin lafiya, a sanar da ita tun kafin ta gani da ido.